Wa Ke Zaune a Kujerar Amintattun Ƙungiyoyin Fasaha?

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar gayyata daga ƙungiyar marubuta, ko ta 'yan wasan kwaikwayo, ko ta masu zane da sana'ar hannu, ya san yadda gefen takardar yake cika da sunaye. Farfesa wane, Barista wane, Alhaji wane mai sarautar kaza, Hajiya wance tsohuwar babbar sakatariya. A samansu an rubuta Kwamitin Amintattu. Yawancinmu ba ma tsayawa karanta wannan jeri, idonmu yana kan rana da wuri da sunan babban baƙo. Ni kuwa na daɗe da sabawa da fara karatu daga nan, domin sana'o'in mutanen da ke jerin sukan gaya mini abin da ƙungiyar za ta iya da abin da zai gagare ta, tun kafin in taka ƙofar zauren taron.

A fara sanin nauyin kujerar tukuna. A Nijeriya, ƙungiyar da ba don riba aka kafa ta ba, in tana so ta mallaki fili da sunanta, ta buɗe asusun banki, ta ƙulla yarjejeniya, ta kai ƙara ko a kai ta, hanyar da aka fi bi ita ce rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Dokar kamfanoni ta 1990 ta tanadi haka, kuma sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta ci gaba da shi tare da ƙarin sharuɗɗa. Ana buga sunayen waɗanda ake so a naɗa a jaridu biyu, a ba duk mai ƙorafi kwana 28. Waɗanda doka ta hana kujerar kaɗan ne: yaro, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda aka ayyana ya karye kuma bai fita daga hukuncin ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya a cikin shekara biyar kafin naɗin. Ba a nemi digiri ba, ba a nemi rawani ba, ba a nemi jin Turanci ba. A idon doka marini da farfesa cancantarsu ɗaya. Dokar ta kuma hana a raba wa 'yan ƙungiya kuɗinta da sunan riba. Sashe na 839 na sabuwar dokar, wanda ya ba hukuma ikon dakatar da amintattu in an samu almundahana, ya tayar da ƙura sosai, musamman daga shugabannin coci da ƙungiyoyin farar hula. Ko me mutum yake gani game da wannan sashe, ya nuna cewa kujerar ta ɗaukar alhaki ce.

Kuskuren da muka fi yi shi ne haɗa uban ƙungiya da amintacce a mazubi ɗaya. Uban ƙungiya tsohuwar al'adarmu ce, kuma tana da amfani. Dattijo ne ko mai sarauta da ake fakewa a inuwarsa, ya zo ranar biki ya sa albarka, in rigima ta taso ya kira ɓangarorin biyu zaurensa ya sulhunta. Ba a tsammanin ya karanta takardar banki. Amintacce kuwa shi ne wanda dukiyar ƙungiya take a hannunsa, shi zai sa hannu, shi za a tambaya. Da muka ɗauki mutanen da suka dace da matsayi na farko muka ɗora su a na biyu, sai muka samu kwamitoci masu ƙyalli a takarda waɗanda ba sa zama. Na taɓa kasancewa cikin wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo da aka yi wa alkawarin tallafi, sharaɗin kawai shi ne amintattu biyu su sa hannu kafin wata rana. Ɗaya yana Abuja ba ya ɗaukar waya, ɗayan ya rasu tun bara ba mu sauya sunansa a hukuma ba, domin sauyin yana bukatar taro da takardu da sake bugawa a jarida, mu kuwa ba wanda ya san haka a cikinmu. Ranar ta wuce, kuɗin ya tafi wani wuri. Har yau ina jin zafin abin, saboda yaran da suka yi wata uku suna gwajin wasan ba su da laifi ko kaɗan.

To, me zai hana masu fasaha su riƙe abinsu su kaɗai? Tarihi ya nuna suna iya haifar da abin mamaki in sun yi hakan. A 1961 aka kafa kulob ɗin Mbari a Ibadan, inda Wole Soyinka, Chinua Achebe, J. P. Clark, Christopher Okigbo, Demas Nwoko, Uche Okeke, da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu suka haɗu tare da Ulli Beier. Sun buga littattafai, sun baje zane, sun yi wasanni, kuma adabin Afirka na zamani yana cin gajiyar wannan haɗuwa har gobe. Amma wani ɓangare na kuɗin da ya riƙe Mbari ya fito ne daga wata ƙungiyar al'adu mai hedikwata a Faris, wadda jaridun Amurka suka bankaɗo a 1966 da 1967 cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce take zuba mata kuɗi ta bayan fage. Marubutan sun ce ba su san asalin kuɗin ba, kuma na yarda da su. Abin lura a wurina shi ne, taron haziƙai irin wannan ma yana iya cin abincin da bai san wanda ya dafa ba, in babu wani a cikinsa da aikinsa shi ne bin sawun kuɗi.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kano. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa, wadda su Ibrahim Mandawari suke ciki, ita ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da aka fi ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. A wajajen wannan lokaci ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino, ta cika kasuwa da littattafan da marubutansu suka buga da aljihunsu. Ba gwamnati ce ta kafa su ba, ba wata gidauniyar waje ba, zuciya ce da basira. Sai dai duk wanda ya san yadda harkar ta gudana daga baya ya san cewa ragamar kasuwa ta koma hannun dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata, masu shirya fim da yawa suna sayar da haƙƙin aikinsu gaba ɗaya a kan kuɗin da za su biya bashi, sannan masu kwafin sata suka zo suka kwashe saura. Ba na cewa akanta ɗaya da lauya ɗaya za su iya tare wannan ambaliya. Ina cewa ƙungiyoyin sun shiga kasuwa da gwanaye a fagen wasa da alƙalami, ba su da kowa a teburin ciniki.

Saboda haka akanta yana da kujera, kuma ba na jayayya a kanta. Ba sai babban akanta mai ofis a bene ba. Tsohon ma'ajin ƙaramar hukuma, ko matar da ta yi shekara ashirin tana riƙe littafin kuɗin makaranta, sun isa. Abin da ake bukata shi ne wanda jininsa ya saba da tambayar ina rasit, wanda ba zai yarda kuɗin ƙungiya ya kwana a asusun shugaba ba ko da shugaban waliyyi ne. Ƙungiyoyinmu da yawa ba sata ce ta kashe su ba, zargi ne. An yi biki, an kashe kuɗi, ba a rubuta ba, bayan wata biyu aka fara gunaguni, abokan shekara goma suka daina gaisawa. Littafin shiga da fita yana kare mutuncin mai gaskiya fiye da yadda yake kama ɓarawo.

Lauya ma haka. Dokar haƙƙin mallakar fasaha da aka sabunta, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce miƙa haƙƙin aiki ga wani sai a rubuce. Mawaƙa nawa ne suka san wannan? Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma waɗanda suka ga shekarun 2007 da 2008 ba su manta ba, lokacin da aka ɗaure ɗan fim Adam A. Zango, daga baya aka ɗaure mai shirya fim Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Ƙungiyar da za ta tara matasa su yi wasa ko waƙa a bainar jama'a tana bukatar wanda ya san abin da doka ta ce game da izini da rajista tun kafin a kafa rumfa. Amma a zaɓi lauyan da zai zo zama. Matashiyar lauya da za ta karanta yarjejeniyar hayar zaure layi-layi ta fi Babban Lauyan Nijeriya wanda sunansa kawai za a gani.

Akwai wata kujera da masu rubuta jagororin ƙungiyoyi a ƙasashen Turai ba sa tunawa da ita, mu kuwa ba mu isa mu manta ba, ita ce ta malamin addini. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin gina dandalin shirya finafinai a Kano, malamai suka tashi a kan mumbari, cikin 'yan kwanaki aka janye shirin. Wasu sun ga laifin malaman, wasu sun ga laifin masu shirin. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, aikin fasaha a ƙasar Hausa yana rayuwa ne da yardar unguwa, kuma unguwa tana sauraron limaminta. Malamin da yake son adabi, ya san tarihin waƙa tun daga su Nana Asma'u, ya zauna a kwamiti ya ji manufar aiki tun tana ɗanya, zai faɗi inda za a yi tuntuɓe, kuma ranar da tsegumi ya tashi shi zai tsaya ya ce na san abin da yaran nan suke yi. Ba ina nufin a kawo mai tacewa cikin gida ba. Ina nufin a kawo ɗan gida mai ilimi wanda iyaye za su yarda su bar 'ya'yansu mata su zo saboda shi.

Kujerar mai kuɗi ita ce mai santsi. A Amurka an saba cewa ɗan kwamitin gidan fasaha ko dai ya bayar, ko ya nemo, ko ya tashi, shi ya sa manyan gidajen adana zane na can suka cika da masu bankuna da masu hannun jari. A 2019 Warren Kanders ya sauka daga kwamitin gidan zane na Whitney a birnin New York, bayan masu zane takwas sun nemi a cire ayyukansu daga babban baje kolin gidan, saboda kamfaninsa yana ƙera barkonon tsohuwa irin wanda aka harba wa 'yan ci-rani a iyakar Amurka da Meziko. Wancan babban gida ne, namu ƙananan ƙungiyoyin unguwa ne, amma ciwon ɗaya ne. A wurinmu yakan zo da siffar ɗan siyasa ko ɗan kwangilar da ke neman takara. Ya biya kuɗin zaure, ya sayi kujeru, sai a wayi gari wasan da ya taɓa batun rijiyar da ba a haƙa ba an ce a ɗage shi zuwa bayan zaɓe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan kasuwa mai son abin har zuciya alheri ne, yana kawo sanin farashi da sanin mutane. Sharaɗina guda ne, kada rayuwar ƙungiya ta rataya a aljihu ɗaya.

Malaman jami'a sun fi kowa yawa a irin waɗannan kwamitoci, kuma ba zan daɗe a kansu ba. Sun iya rubuta takardar neman tallafi, sun iya adana tarihi, kuma ba don su ba da waƙoƙi da yawa sun bi iska. Illarsu ita ce duk abin da suka taɓa yakan rikiɗe ya zama taron gabatar da maƙala.

Yanzu ga wanda ba na gani a jerin, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Ƙungiya ta ce an kafa ta don raya rini da dukanci da saƙa da kiɗan gargajiya, amma ka duba amintattunta ba marini, ba baduku, ba masaƙi, ba makaɗi. Ranar biki za a kawo su, a shimfiɗa musu tabarma a gefe, a ɗauki hoto, a ba su kuɗin mota. Ranar da za a yanke yadda za a kashe kuɗin da aka karɓo da sunansu kuwa ba a neme su ba. In ka tambaya sai a ce ba su yi boko ba. Wannan uzuri ne kawai, tunda doka ba ta nemi boko ba. Gaskiyar maganar tana da ɗaci. Mun gaji wani tsari na daraja wanda ya ajiye makaɗi da maroƙi a ƙasa, ya sa mai sana'ar hannu yana tsugunawa in zai gaida ma'aikaci. Muna son kalangu, amma da yawanmu ba za su ba makaɗi 'ya ba, kuma wanda ba ka yarda ya zama surukinka ba da wuya ka yarda ƙuri'arsa ta yi daidai da taka.

Abin takaici, kakanninmu sun fi mu adalci a wannan fage. Sarkin Maƙera maƙeri ne, Sarkin Fawa mahauci ne, Sarkin Aska wanzami ne. Fada ce take naɗawa, amma daga cikin masu sana'ar take ɗaukowa, domin an san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 har aka ba shi sarautar Babban Gwani, magini ne da hannunsa ya san laka. Ko a zamanin nan, mawaƙa ne suka jagoranci ƙungiyoyinsu na rubutacciyar waƙa, Mudi Sipikin a Hikima, Aƙilu Aliyu a Hausa Fasaha. Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, a 1954. Ba ta yi karatun boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta yana kan takardar naira ashirin. Jami'ar ta yi wa Mamman Shata irin wannan karramawa a 1988. Ina tambayar kaina, da Ladi Kwali tana zaune a unguwarmu yau tana gina tulu, kafin duniya ta san ta, wace ƙungiya ce za ta sa sunanta a jerin amintattu? Ina tsoron amsar.

Kuma batun ba na karramawa kaɗai ba ne, asarar ta aiki ce. Marini ya san ba a zuba baba da toka a karofi yau a yi rini gobe, sai ruwan ya kwana da kwanaki ya nuna. Mai ginin tukwane ta san damina ba lokacin shanya da gashi ba ne. Baduku ya san fatar da za ta yi jaka da wadda za ta tsage a hannun ɗan koyo, ya kuma san farashinta na gaskiya a kasuwa. Mai kiɗan ƙwarya ta san wace rana mata za su samu fita, wane gida ne in an yi abu a cikinsa kowa zai zo. Kwamitin da babu ɗayansu zai zauna ya tsara horon rini na kwana biyu a tsakiyar Agusta, a ɗakin taron otal, ya ware wa abinci da alluna fiye da abin da ya ware wa kayan aiki, ya raba takardun shaida, kuma a rahoto komai zai yi kyau. Yaran za su koma gida ba su iya komai ba.

Mata kuwa asararsu ninki biyu ce. Kitso da lalle da saƙar tabarma da ɗinkin hula da waƙar amada, irin wadda Barmani Choge ta shahara da ita, duk a hannunsu suke, kuma yawancinsu a cikin gida ake yin su. In kwamiti yana da mace, galibi ma'aikaciya ce mai babban muƙami, wadda ita ma nesa take da waɗannan gidaje kamar abokan zamanta maza.

Wasu ƙungiyoyin sun gane gyaran, suka sa sunan mai sana'a ɗaya a jeri, sannan suka ci gaba da zama yadda suka saba. Ana taron da Turanci, ana rabon takardu masu shafi goma a bakin ƙofa, ana sa lokaci a tsakiyar ranar kasuwa. Mutumin zai zo sau biyu, ya zauna shiru a ƙarshen tebur, ya ga ana yi masa kallon ado, ya daina zuwa, sai a ce ai mun gwada. In da gaske ake, taron da Hausa za a yi shi, a karanta rahoton kuɗi da babbar murya yadda ake karanta shi a ƙungiyar 'yan kasuwa, a biya masa kuɗin mota da yinin da ya bar runfarsa, tunda ko ma'aikaci ba ya rasa albashi don ya zo taro. Kuma kada ya zama shi kaɗai. Mutum ɗaya a gaban Farfesa da Barista da Hakimi kunya za ta rufe masa baki, in su biyu ne ko uku ɗaya zai ƙarfafi ɗaya.

Sai batun wa'adi, wanda ƙungiyoyi kan tsallake lokacin rubuta tsarin mulkinsu saboda ba a so a ɓata wa dattawa. Amintaccen da aka naɗa ba tare da iyaka ba sai mutuwa take sauke shi, kuma kujerar da ba ta taɓa zama fanko ba ba yadda za a yi sabon mutum ya hau ta. Shekara uku ko huɗu, da damar sabuntawa sau ɗaya, ta isa. Wanda ya gama sai a ɗaga shi zuwa sahun iyayen ƙungiya da girmansa, a yi masa walima, a naɗa marinin ko mai kitson a gurbinsa, a kai wa hukuma takardun sauyin a cikin makon.